Ciwon Da Radiyo Ba Ta Gani



Shekara biyu cur yayata ta yi tana tashi tsakar dare tana yarfa hannu. Tela ce a Maraɗi, ita ke ɗinka wa rabin matan kartiyenmu kayan salla, kuma da wannan keken ɗinki ta riƙe karatuna tun bayan rasuwar Baba. Abin ya faro kamar wasa. Za ta kwanta lafiya lau, can wajen ƙarfe biyu ko uku na dare minjirya ta kama mata hannun dama. Babban yatsa da manuni da na tsakiya su sage, su riƙa zugi kamar an barbaɗa musu barkono. Ta tashi ta yi ta yarfa hannun har ya lafa, ta koma barci. Da tafiya ta yi tafiya, abin ya shigo rana. Allura ta fara faɗuwa daga hannunta ba ta ji ba. Ran nan kofin shayi ya suɓuce mata a gaban baƙi, ta yi dariya, amma na ga idonta ya cika da ƙwalla.

Ba ta zauna ba, ta je asibiti. Aka yi mata radiyon hannu, aka yi na wuya, aka ɗebi jini aka yi analiz. Duk takardar da ta fito maganarta ɗaya: babu komai. Aka rubuta mata maganin ciwon jiki, aka ce ta huta. Tela ta huta ana saura mako uku salla!

Daga nan gida ya cika da likitoci. Inna ta ce sanyi ne, wankin asuba ya jawo. Maƙwabciya ta ce jifa ne, wata ce ta ga kasuwa ta buɗe mata. Dangin maigidanta suka ce son jiki ne. Ni ma, kuma wannan ne abin da har yau nake jin kunyarsa, na ce mata: "Haba Yaya, kin cika raki. Ba lokotoro ya ce ba komi ba?" Ta dube ni ta ce: "Auta, hannuna ne ko na lokotoro?"

Ita ke da gaskiya. Na tabbata a cikinku akwai mai irin yayata a gida, ko kuma shi kansa ne aka yi ta gaya wa "babu komai" har ya fara zargin kansa. Abin da nake so mu riƙe shi ne, radiyo da analiz na yau da kullum ba sa auna aikin jijiya. Akwai awon da aka tanada domin haka. Ya kamata mu san shi, mu san lokacin da ake neman sa, mu kuma tambayi dalilin da ya sa yake nesa da mu.

Mu fara da kalmar kanta. A Hausa, jijiya suna ɗaya ne na abu uku. Wadda ake nema a hannu a saka ƙarin ruwa jijiya ce, ta jini. Agarar da ke bayan dunduniya, mai ɗaure tsoka da ƙashi, ita ma jijiya muke ce mata. Sai ta uku wadda ba ma gani: farin zare ne da ya taso daga ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, ya ratsa jiki har kan yatsa. Ita ke kai wa tsoka umarnin motsi, ita ke dawo da labarin cewa ka taka ƙaya ko shayi ya yi zafi. Bari mu kira ta jijiyar saƙo. Saboda sunan ɗaya ne, mutum na cewa "ciwon jijiya" a fada sai wani ya ba shi maganin hawan jini, wani ya tura shi wajen mai ɗori, wani ya ce a yi masa ƙaho.

Saƙon da ke bin wannan jijiya kuran ne, ɗan mitsitsi. Kakanninmu ma sun hango haka, shi ya sa idan ƙafa ta sage suka ce minjirya ta kama ta, sunan kifin nan da ke fizgar mutum kamar ya taɓa wayar wuta. A hannun lafiyayye saƙon yana gudun mita 50 zuwa 60 a daƙiƙa ɗaya, wato kilomita 180 a awa ko fiye. A ƙafa gudun ya ɗan ragu, mita 40 zuwa 50. Jijiyar tana da rufi kamar robar da ke jikin wayar kuran. Idan rufin ya lalace, saƙo yana rage gudu. Idan zaren ciki ne ya mutu, saƙon yana isa ba ƙarfi, ko ya ɓace a hanya.

To radiyo hoton ƙashi take ɗauka. Sikanar da IRM suna nuna siffar abin da ke cikin jiki, kuma suna da nasu amfanin. Amma hoto ba ya gaya maka ko waya na ɗauke da wuta. Ka ɗauki hoton ɗakinka da waya sau ɗari, ba za ka gane inda kuran ya yanke ba sai mai gyaran wuta ya zo da abin awonsa ya ɗora a kan wayar.

Wanda ya gano ciwon yayata wani matashin likita ne, kuma da ido da hannu ya gano shi. Ya ture takardun gefe, ya ce ta shimfiɗa hannayenta biyu a kan tebur. Tudun naman da ke gindin babban yatsan dama ya lotsa, na hagu yana nan cike. Ya ƙwanƙwasa mata wuyan hannu da yatsa, ta zabura, ta ce kuran ya ja ta har manuni. Ya ce ɗan ƙaramin yatsa fa? Ta ce shi lafiyarsa lau. Ya ce: "Madam, jijiya ce ta matse a wuyan hannu. Amma kafin a taɓa ki da wuƙa, sai an auna an ga inda abin ya kai." Ya rubuta haruffa huɗu a takarda, ENMG, ya ce mu tafi Yamai. Wasu likitocin EMG kawai suke rubutawa. A Hausa sai mu ce awon jijiya da tsoka.

Ni na raka ta. Tun a cikin bas take tambayata ko kuran irin na gida za a sa mata. Bari in gaya muku abin da na gani, don tsoron da ake ji ya fi abin girma.

Awon kashi biyu ne. Na farko shi ne awon gudun saƙo. Ana manna ƴan ƙananan faya-fayai a fata, a kan tsoka ko a yatsa, sai a ɗora wani abu mai baki biyu a kan hanyar jijiya a saki ɗan kuran na ƙiftawar ido. Yatsa ya motsa da kansa. Na'ura ta rubuta lokacin da saƙon ya ɗauka da ƙarfin da ya iso da shi. Sai a sake yi a wani wuri can sama, a gwiwar hannu misali, a auna tazarar wuraren biyu da igiyar awo, a raba nisa da lokaci, gudu ya fito. Da Yaya ta ga igiyar awon sai ta yi dariya, ta ce ashe sana'arsu ɗaya da lokotoro.

Kashi na biyu awon tsoka ne. Likita yana soka siririyar allura a cikin tsokar. Ba a zuba magani ta cikinta, ba a ɗibar jini, kuma ba ta sakin kuran. Saurare kawai take yi. Na'urar tana da lasifika, da kunnenka kake jin abin da ke gudana. Lafiyayyar tsoka idan tana hutawa shiru take, sai an ce ka motsa sannan ƙara ta tashi. Tsokar da jijiyarta ta mutu kuwa ba ta yin shiru. Ko ba ka motsa ba tana ta ɗis-ɗis, kamar yayyafi a kan kwanon rufi. Wannan yayyafin muka ji a gindin babban yatsan yayata.

Duka-duka ba mu cika awa ɗaya ba. Akwai ɗan zafi, ba zan ɓoye muku ba, kuma wurin allurar yakan yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Amma ba a sa mutum barci, ba a ce ya zo da yunwa, kuma da ƙafarsa yake fita. Wanda za a yi wa, kada ya shafa mai ko man shafawa a ranar, don fayafayan ba sa kama fata mai maiƙo. Idan lokacin sanyi ne ya rufe hannu da ƙafa su yi ɗumi, saboda sanyi na rage gudun saƙo ya ɓata lissafi. Mai shan maganin tsinka jini da wanda aka saka wa na'urar bugun zuciya su faɗa tun kafin a fara. Ka tafi da tsofaffin takardunka duka, kuma ka ga an ɓare sabuwar allura a gabanka.

Sakamako ya fito a ranar. Jijiyar da ke ratsa wani ɗan ƙunci a wuyan hannu, wanda likitocinmu ke kira kanal karpiyan, ta matse a hannu biyu. Na hagu da sauƙi, aka ba ta abin ɗaure wuyan hannu da dare. Na dama ya yi nisa, aka yi mata ɗan aiki aka buɗe wa jijiyar hanya. Zugin dare ya tafi tun a makonnin farko. Tudun naman kuwa bai dawo ba. Likita ya yi mana bayani cewa jijiyar da ta mutu tana sake tsiro, amma a hankali, kimanin milimita ɗaya a rana. Tsokar da ta shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba ta samun saƙo tana iya ƙeƙashewa, har ko saƙon ya dawo ba za ta amsa ba. Yau yayata tana taka keke, amma aikin hannu na wuyan riga, wanda da shi aka san ta, ta bar wa yaran shagonta. Shekara biyun nan da muka kwashe muna gardamar sanyi da jifa su suka ci wannan yatsa.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Ba duk mai ciwon jiki ke buƙatar wannan awo ba. Yawancin ciwon baya da na wuya da gajiyar aiki suna wucewa da kansu. Likita ne ke neman awon bayan ya duba mutum, idan yana da tambayar da yake son amsarta: jijiya ce ko tsoka, a ina abin ya lalace, kuma ya kai yaya. Ga alamomin da ya kamata su sa mu tsaya mu ce a duba jijiya.

Hannu mai sagewa da dare, kamar na yayata. Ya fi kama mata, masu juna biyu, masu ciwon suga, da masu aikin da ke sa a damƙe abu da ƙarfi ana maimaitawa, ko abu mai karkarwa: daka, matse wanki, kitso, riƙon kan babur daga safe har dare. Ku lura da yatsun da abin ya shafa. Idan babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, wuyan hannu ake zargi. Idan ɗan ƙaramin ne da na kusa da shi, wata jijiya ce daban, kuma sau da yawa a gwiwar hannu take matsewa.

Tafin ƙafa biyu masu zafi kamar an taka garwashi, ko masu sagewa har takalmi ya zame mutum bai sani ba. A nan abin da za a fara aunawa suga ne, kuma wannan awo ne mai araha da ake yi da ɗigon jini. Kusan rabin masu ciwon suga jijiyoyinsu na taɓuwa idan ciwon ya daɗe. A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa masu lalacewar jijiya ta dalilin suga sun ninka fiye da sau uku tun 1990, har sun kai miliyan 206 a 2021. Ƙafar da ba ta ji ita ce ke taka ƙusa ta yi gyambo, gyambon ya kai ga yankewa. Giya, ƙarancin bitamin B12, ciwon ƙoda da ƙanjamau su ma suna kawo irin wannan. Har ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka yana yi, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Mai shan sa kada ya daina da kansa, ya koma ya faɗa.

Ciwon baya mai sauka ta cinya har tafin ƙafa, musamman idan ƙafar ta fara ja a ƙasa ko mutum ya kasa ɗaga yatsunta sama.

Yaron da ya fara ɗingishi bayan an yi masa allura a ɗuwawu. Babbar jijiyar ƙafa ta nan take wucewa, kuma allurar da aka soka ba a wurinta ba tana iya ji mata rauni. Awon yana nuna girman raunin, amma alamun sukan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin su bayyana a tsoka. Wannan bai sa a zauna a gida ana jira ba. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, hannunsa ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya, dole a kai shi CSI nan take a ɗauki bayan gidansa a bincika shan inna. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji ranar 25 ga Agusta 2020, amma sa ido bai tsaya ba.

Tabo mai haske a fata wanda ba ya jin tsikari, tare da sagewar hannu ko ƙafa. Wannan a nemi kuturta. Jijiya take ci tun kafin ta taɓa yatsa, ana gane ta da dubawa, maganinta kyauta ne tun 1995, kuma wata shida ko goma sha biyu ake sha a warke. Mu ƴan Maraɗi mun san asibitin Danja da wannan aiki.

Sai rashin ƙarfi wanda babu ciwo a tare da shi. Mutum ya kasa tashi daga tsugune sai ya dafa, ya kasa ɗaga hannu ya taje kai: wannan tsoka ake zargi. Fatar ido ta riƙa faɗowa da yamma, ana ganin abu biyu-biyu, tauna na gajiyarwa: wannan mahaɗar jijiya da tsoka ce, kuma akwai magani. Ƴan uwana mata, ƙwayoyin nan na ƙiba da ake saya a tire, irin su deksa, suna kumbura fuska amma suna zaizaye tsokar cinya, suna kuma tada suga.

Akwai kuma inda ba a jiran awo ko kaɗan. Rashin ƙarfin da ya faro daga ƙafafu yana hawa sama cikin kwanaki, sau da yawa bayan zawo ko mura, yana iya zama ciwon Guillain-Barré, wanda likitocin Faransa suka bayyana a 1916. Yana iya kaiwa ga tsokar numfashi, don haka asibiti za a nufa a ranar. Baki ya karkace, hannu da ƙafa na gefe ɗaya su saki, magana ta sarƙe farat ɗaya: wannan ƙwaƙwalwa ce, sikanar yake so da gaggawa. Ciwon baya da ya zo da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, shi ma ba ya kwana.

Wani abin da likitan ya gaya mana, kuma nake so ku riƙe: ENMG ma yana iya fitowa lafiya lau alhali mutum yana ciwo da gaske. Manyan zaruruwan jijiya yake aunawa. Ƙananan da ke ɗauke da zafi da raɗaɗi ba ya ganin su. Saboda haka kada mu mayar da shi sabuwar sandar dukan mara lafiya. Kuma ku yi hattara da masu yawo da kwamfuta, su ba ka wani ƙarfe ka riƙe minti biyu, su karanto maka cuta ashirin, daga baya su fito da kwalaben da za ka saya. Wannan kasuwanci ne, ba shi da haɗi da awon da nake magana a kai.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi ci mini rai. Tsakanin ranar da aka ce wa mutum "babu komai" da ranar da aka gano ciwonsa, ba ya zama hannu rabbana. Yana shan wani abu. Ɗan kabu-kabun da hannunsa ke sagewa ba zai ajiye babur ba, bakin mutum bakwai ke jiran sa. Zai tsaya wajen mai tire ya sayi tramol. A asibiti ba a wuce miligiram 400 a yini, a titi kuwa ƙwaya ɗaya tana iya zama 200 ko 225. Ciwo ya lafa, jijiya na ci gaba da mutuwa, ga jaraba ta shiga, ga farfaɗiya na iya biyo baya. Uwa kuma ta shekara tana haɗiyar diklofenak har ciki ya yi gyambo ko ƙoda ta gaji. Muna yawan zagin matasa a kan ƙwaya. Mu riƙa tambaya kuma, nawa ne a cikinsu suka fara ta saboda ciwon da ba wanda ya tsaya ya auna?

Kuma wannan awo ba sabon abu ba ne da za a ce sai ƙasashen da suka ci gaba. Tun 1850 wani Bajamushe, Helmholtz, ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo. Allurar sauraren tsoka tun 1929 Adrian da Bronk suka fito da ita. Na'urar yau, wata ba ta wuce kwamfutar hannu da ɗan akwati ba, ana iya ɗaukar ta a mota. Abin da ke da wuya shi ne mutumin da ya iya aiki da ita ya kuma iya karanta sakamakon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan aka kwatanta da yawan jama'a, ƙwararrun jijiya da ƙwaƙwalwa a ƙasashe masu arziki suna iya ninka na ƙasashe irin namu har sau 70. A Nijar ƴan kaɗan ne, kuma mafi yawansu suna Yamai. Daga Tawa zuwa Yamai kimanin kilomita 550 ne. Daga Maraɗi sama da 650. Daga Damagaram kusan 900. Awon da bai cika awa ɗaya ba ya ci mana kwana huɗu, shago a rufe, ga kuɗin motar mutum biyu, ga abinci, ga nauyin da muka ɗora wa mai masaukinmu. A 2024 an rage kuɗin ayyukan asibitocin gwamnati da rabi, kuma mun yaba. Amma ragin bai shafi kuɗin mota ba. Matar da ke ƙauyen Magarya ko Madawa, wadda ba ta da ɗan uwa a Yamai, a gare ta awon kamar babu shi ne.

Na san abin da wani zai ce: ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kashe yara, ita za ta tsaya maganar sagewar yatsa? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma wa ke ciyar da yaran? Hannun tela, ƙafar manomi, bayan ɗan dako. Yawancinmu ba mu da albashi, ba mu da inshora, jikinmu ne jarinmu. Ranar da hannu ya mutu, tukunya ce ta mutu. Kuma abin da muke nema bai fi ƙarfin ƙasa ba. A watan Mayu 2022 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, har da tamu, sun amince da shirin shekara goma, 2022 zuwa 2031, kan farfaɗiya da sauran cututtukan jijiya da ƙwaƙwalwa. Alkawari ne da aka riga aka ɗauka, tuni kawai muke yi.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema da murya ɗaya.

Na ɗaya, kowane babban asibitin jiha ya kasance da na'urar awon jijiya mai aiki, da wanda ya iya ta, da allurai, da kuɗin gyara. Na'urar da aka yanke wa kyalle aka ɗauki hoto sannan aka kulle a ɗaki ba ta cikin lissafi. Kafin a kai ga haka, a tsara zuwan ƙwararru jiha-jiha da na'urar tafi-da-gidanka, a sanar da ranakun a rediyo da ƙofar asibiti.

Na biyu, kowane CSI ya samu kayan duba jijiya na farko: ƴar gudumar buga gwiwa, ƙarfen nan mai karkarwa da ake ɗorawa a ƙashi, siririn zaren roba na giram 10 da ake tsikarar tafin ƙafa da shi, da abin awon suga. Ba sa cin kuran, ba su da tsada, kuma da su majo zai iya tace wanda ya kamata a tura gaba. Duk mai ciwon suga a cire masa takalmi a duba ƙafarsa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Na uku, muna da sashen koyon likitanci a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da André Salifou ta Damagaram, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. A ba ƴaƴanmu da suka fito daga nan tallafin ƙwarewa a fannin jijiya da na motsa gaɓoɓi, da sharaɗin su yi aiki a jihohi, a kuma ba su abin da zai zaunar da su a can.

Na huɗu, roƙo ne ga ma'aikatan lafiya. Mun san layi yana da tsawo, kun gaji, kayan aiki babu. Amma "babu komai" kalma ce mai kisa. Ku ce: "Wannan awon bai nuna ba, ga abin da ya rage mu duba, in abu kaza ya faru ki dawo." Da wannan jimla mara lafiya zai koma gida ya kare kansa a gaban dangi.

Mu ma da namu. Idan wani naka ya ce hannunsa ko ƙafarsa na mutuwa, ka yarda da shi tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku rubuta a takarda ko a waya: yaushe ya fara, wane yatsa, dare ko rana, gefe ɗaya ko biyu, akwai rashin ƙarfi ko ciwo ne kawai, waɗanne magunguna ake sha har da na tire da na gargajiya. Ku gwada hannu biyu a jere ku ga ko wani ya rame. A gaban likita kada ku ji nauyin tambaya: "Jijiya ce, ko tsoka, ko ƙashi? Akwai buƙatar awon jijiya? Wace alama ce za ta sa mu dawo da gaggawa?" Kada ku miƙa yaro ga mai allurar gida. Addu'a kuma mu yi ta, Inna ba ta fasa ba ko dare ɗaya. Ita da awo ba kishiyoyi ba ne, hanya ɗaya suke bi.

Da muka dawo daga Yamai na ba yayata haƙuri a kan maganar rakin nan. Ta ce: "Ya wuce, Auta. Kai dai in ka ji wata na faɗin irin nawa, kar ka bari ta kai shekara biyu." Yanzu duk yarinyar da ta gani a shago tana yarfa hannu, sai ta tsayar da keke ta ce: "Zo nan. Wane yatsa ne?"

Ku ma yau in kun koma gida ku tambayi mai ƙorafin nan da kowa ya gaji da saurare. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana hannuwan da ke ciyar da mu.